Sunan shafi da adireshin intanet: tambayoyin da ake yawan yi a Yamai

Waɗannan tambayoyi ne da ƴan kasuwa, sakatarorin ƙungiyoyi, daraktocin makarantu da matasa masu gina shafuka ke maimaitawa a Yamai, wasu kuma daga Tawa suke aiko su. An fara da masu sauƙi. Wanda sunansa ya riga ya shiga matsala ya tsallaka zuwa tambaya ta 11 da ta 12.

1. Mene ne adireshin IP, kuma me ya raba shi da sunan shafi?

Na'urori lamba suke bi, ba su san suna ba. Duk abin da ke magana a intanet, waya ce ko kwamfuta ko sabar da ke ɗauke da shafi, yana da lambar da ake samunsa da ita. Ita ce adireshin IP. A tsohon tsari, IPv4, lambobi huɗu ne da ɗigo tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255, kamar 203.0.113.7.

Sunan domen kuwa shi ne abin da mutum ke rubutawa, kamar presidence.ne ko wikipedia.org. Tsarin da ke haɗa suna da lambarsa shi ake kira DNS, wanda Paul Mockapetris ya ƙirƙiro a 1983. Kafin nan fayil guda ne ke ɗauke da sunayen duk kwamfutocin, kowa na kwafarsa, har abin ya fi ƙarfin fayil. Amfanin raba su a fili yake: kana iya ɗauke shafinka daga wata saba zuwa wata, lamba ta canza, sunan da ke kan allon shagonka yana nan yadda yake.

2. Yaya ake karanta sassan suna?

Daga dama ake karantawa. A www.misali.ne, "ne" ita ce wutsiya, "misali" shi ne abin da aka yi wa rajista, "www" kuma reshe ne da mai sunan ke ƙirƙira da kansa, kyauta, ko nawa yake so. Duk abin da ya biyo bayan karkatacciyar sandar farko (/) ba ya cikin suna, hanya ce kawai cikin shafin.

Wutsiyoyi iri biyu ne. Akwai na gama-gari, irin .com, .org, .net da .africa. Akwai kuma na ƙasashe, masu haruffa biyu: .ne ta Nijar, .ng ta Najeriya, .ml ta Mali, .bf ta Burkina Faso, .td ta Cadi, .bj ta Benin. A kula, .ni ta Nikaragwa ce, kuma sunan da ya ƙare da .ne.jp na Japan ne, ba ruwansa da Nijar. Harafi guda ba abin rainawa ba ne a nan: a 2023 aka fallasa cewa imel masu ɗimbin yawa na sojojin Amurka, da ya kamata su tafi .mil, sun daɗe suna faɗawa .ml ta Mali.

3. Me ke faruwa daga lokacin da na rubuta suna zuwa buɗewar shafi?

Wayarka na miƙa tambayar ga wata saba mai nemo amsa, galibi ta kamfanin layinka, Airtel ne ko Moov Africa ko Zamani Telecom ko Niger Telecoms. In wani ya tambayi sunan ɗazu, amsar na ajiye, sai a ba ka nan take. In babu, sai sabar ta tambayi tushe, wato sabobin da ke riƙe da jerin duk wutsiyoyi, inda ake samun .ne. Tushe ya nuna mata sabobin .ne, su kuma su nuna mata sabobin sunan da mai misali.ne ya zaɓa. Waɗannan na ƙarshe ne ke riƙe da lambar. Duk wannan bai cika kai daƙiƙa guda ba.

Ana yawan cewa sabobin tushe 13 ne kacal a duniya. Sunayensu ne 13, daga A zuwa M, a hannun hukumomi 12, amma na'urorin da ke amsawa da waɗannan sunaye sun haura 1,000, a warwatse har cikin Afirka.

4. Wa ke mulkin wannan tsari? Amurka ce?

A da hannunta ya fi na kowa ƙarfi. Shekaru da yawa mutum guda, Jon Postel, a wata jami'a a Kalifoniya, shi ke riƙe da jerin wutsiyoyi da rabon lambobi, aikin da ake kira IANA. Ya rasu a Oktoban 1998, shekarar da aka kafa ICANN, hukumar kula da sunayen intanet, a Los Anjelus ta karɓi aikin. Kwantiragin da ya ba gwamnatin Amurka ikon sa ido ya ƙare, daga 1 ga Oktoba 2016 aikin ya koma hannun ICANN da masu ruwa da tsaki na ƙasashe daban-daban.

Abin da ya fi shafarka shi ne hawa uku da ke ƙasa. Kowace wutsiya na da mai riƙe da babban rajistarta: Verisign ke riƙe da .com, Public Interest Registry da .org, NiRA da .ng. Ƙarƙashinsu akwai dillalan rajista, kamfanonin da ke sayarwa ga jama'a. Sai kai, mai suna. ICANN na kafa wa wutsiyoyin gama-gari doka, amma na ƙasashe kowace ƙasa ke tsara abinta. An damƙa .ne ga Nijar a 1996, SONITEL ne aka rubuta a matsayin mai kula da ita, kamfanin da aka haɗe da SahelCom a 2016 aka samu Niger Telecoms.

5. Su lambobin fa, wa ke rabawa? Da gaske sun ƙare?

IANA na ba hukumomin yanki guda biyar manyan kaso, su kuma su raba wa kamfanonin sadarwa, jami'o'i da bankuna. Ta Afirka ita ce AFRINIC, mai hedkwata a tsibirin Morishiyos, wadda aka amince da ita a 2005. Kamfanin layinka daga can yake samun lambobin da yake ara maka.

IPv4 na da adireshi kusan biliyan 4.3 ne kawai, kuma IANA ta raba kasonta na ƙarshe a Fabrairun 2011. Magajinsa IPv6 dogo ne, da lambobi da haruffa, irin 2001:db8::1, yawansa kuma ba abin da za a yi tunanin ƙarewarsa ba ne. Sai dai sauyin na tafiyar hawainiya, shi ya sa kamfanoni ke cusa mutane da yawa bayan adireshi guda. Tambaya ta 14 ta nuna inda hakan ke cizo.

6. Saye ake yi ko haya? Nawa ne?

Haya ce. Kamar rumfa ce a Babbar Kasuwa, ba filin da ka mallaka da takarda ba: muddin kana biya ba mai tashinka, in ka daina, daga baya wani zai shiga. A wutsiyoyin gama-gari ana biyan shekara 1 zuwa 10 a lokaci guda.

Verisign na karɓar dalar Amurka 10 da ƴan kai daga dillali a kan kowane .com a shekara, dillali ya ɗora ribarsa. Saboda haka jika 7 zuwa 12 na sefa a shekara kuɗi ne na hankali. In ka ga ana talla da abin da bai kai jika guda ba, farashin shekarar farko ne, ka nemi na sabuntawa kafin ka biya. Wanda ya ce maka ya sayar maka da suna "har abada" ko dai bai san aikin ba, ko kuma ya san ba za ka same shi baɗi ba.

7. Wanne ya fi, .ne ko .com?

Ya danganta da wanda kake nema. Makaranta, asibiti, ƙungiya ko kamfanin da jama'arsa ke Nijar, .ne na nuna daga gida yake, kuma gajerun sunayen da aka kwashe tuntuni a .com sau da yawa suna nan a sake. Mai fitar da albasar Galmi ko fata zuwa waje zai fi samun sauƙi da .com, don baƙi sun saba da ita, wasunsu ma in sun ga .ne sai su ɗauka kuskure ne su ƙara "t". Sunayen da ke ƙarƙashin gouv.ne na hukumomin gwamnati ne. Mai hali ya ɗauki biyun, ya sa ɗaya ta riƙa tura baƙi zuwa ɗayar.

Wutsiya ba ta ƙara wa shafi sauri, ba ta kuma nuna inda sabar take. Shafin .ne na iya zama a Faransa, na .com a Yamai.

8. Zan iya sa ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ a cikin suna?

Asalin ƙa'ida haruffa a zuwa z ne, da lambobi 0 zuwa 9, da karan ɗori (-), wanda ba ya zuwa a farko ko a ƙarshe. Ba tazara, ba alamar hamza, saboda haka "sana'a" sai dai ta zama "sanaa". Kowane sashe ba ya wuce haruffa 63, kuma babban baƙi da ƙarami duk ɗaya ne.

Akwai tsarin da ke karɓar haruffa masu lanƙwasa, yana juya su a ɓoye zuwa wani rubutu mai farawa da xn--, amma sai in mai riƙe da wutsiyar ya yarda da harafin. Ko ya yarda, ba mu ba da shawarar a dogara da shi ba. Yawancin wayoyi ba su da ƙ a allon rubutu, imel ma na yawan tuntuɓe da irin waɗannan sunaye. Gwaji mai sauƙi: ka faɗa wa wani sunan ta waya sau ɗaya, ka ga ko zai rubuta daidai. A Yamai ka tuna wani zai rubuta da ƙa'idar Faransanci, "ou" a wurin "u", "tch" a wurin "c".

9. Yaya ake rajista, kuma da sunan wa?

Matakan ba su da wuya. Ka zaɓi dillali, ka bincika ko sunan na sake, ka buɗe asusu, ka cika bayanan mai suna, ka biya. Dillalan waje katin banki suke karɓa, irin Visa, har da wanda ake loda wa kuɗi. Na gida sukan karɓi kuɗin hannu ko turawa ta waya. Bayan biya, a wutsiyoyin gama-gari, imel zai zo na tabbatar da adireshinka. In ba a latsa shi cikin kwana 15 ba, ana dakatar da sunan, shafi ya ɗauke alhali an biya.

Inda ake yin asara shi ne "da sunan wa". A idon dillali, mai suna shi ne wanda aka rubuta a gurbin mai rajista, mai iko kuma shi ne wanda ke riƙe da asusun da akwatin imel ɗinsa. Rasit ɗin da mai gina shafi ya rubuta maka da biro ba ya cikin lissafi. Abin da aka saba gani a nan shi ne a ba wani yaro mai hazaƙa kuɗi, ya yi rajista a asusunsa da imel ɗinsa, ba da mugun nufi ba, don dai ya fi masa sauri. Shekara biyu sai ya samu karatu a waje ko aiki a Agadas, ya canza lamba.

Saboda haka a zauna tare ranar rajista. A rubuta sunan kamfani ko ƙungiya yadda yake a takardunta. A yi amfani da imel na ofis wanda aƙalla mutum biyu ke iya buɗewa, kuma kada ya zama imel ɗin da ke kan sunan da ake yi wa rajistar, don ranar da sunan ya mutu akwatin ma ya mutu tare da shi. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a buga lambobin ceto, wato waɗanda ke buɗe asusun in waya ta ɓace, a takarda a sa a aljihun tebur mai makulli. Mai gina shafi a ba shi izinin gyara bayanan DNS, wannan ya ishe shi aikinsa.

10. Na biya kuɗin suna, amma ba abin da ke buɗewa. Me ya rage?

Suna daban, masauki daban. Masauki shi ne sabar da fayilolin shafin ke zaune, kuɗinsa daban ne, ko da kamfani guda ya sayar maka da su tare. Ana haɗa su da layukan DNS. Layin A na nuna adireshin IPv4 na sabar, AAAA na IPv6, CNAME na cewa wannan reshe laƙabin wancan suna ne, MX na nuna inda imel zai sauka, NS kuma na faɗin sabobin da ke riƙe da duk waɗannan. Kuskure biyu sun fi yawa: a sa layi ga misali.ne a manta da www, ko a yi ta gyara a wurin dillali alhali NS na nuni ga kamfanin masauki, gyaran bai taɓa komai ba.

In an gyara daidai amma tsohon shafi ke fitowa, laifin ajiya ne. Kowane layi na da wa'adin da ake kira TTL, a daƙiƙoƙi: 3600 awa guda ne, 86400 kwana guda. Sabobi masu nemo amsa (tambaya ta 3) na riƙe tsohuwar amsa har wa'adin ya cika, shi ya sa mai layin wani kamfani ke ganin sabon shafi, na kusa da shi yana ganin tsoho. Mai shirin ƙaura ya rage TTL zuwa 300 kwana biyu kafin ranar, kuma kada ya rufe tsohon masauki sai komai ya lafa.

11. Wa'adi ya wuce ban sabunta ba. Sunan ya tafi ke nan?

Ba nan take ba. A .com da ƴan uwanta, dillali wajibi ne ya aiko tunatarwa kusan wata guda kafin ranar, da kuma mako guda kafinta. Bayan ranar, shafi da imel sukan tsaya, amma akwai rangwamen da ke iya kaiwa kwana 45 da za ka sabunta a farashin da aka saba. Tsawonsa na hannun dillali, wasu na gajarta shi, wasu ma na sa sunan a gwanjo a cikinsa. In aka goge, sai kwana 30 na fansa, da tarar da ke ninka kuɗin suna sau da yawa. Daga nan kwana 5 da ba mai iya taɓa shi, sannan a sake shi ga kowa. Sunan da ke da maziyarta ba ya daɗewa a sake, akwai masu na'urorin da aikinsu ke nan, dakon irinsa.

Dalilan ba su cika wuce biyu ba. Ko tunatarwar na zuwa akwatin wanda ya bar aiki (tambaya ta 9), ko an kunna sabuntawa ta kai tsaye amma katin ba kuɗi ko ya ƙare. Biyan shekara 3 ko 5 a dunƙule ya fi arha a kan fansa guda. Waɗannan wa'adodi ba su hau kan .ne ba, tana da nata, a nemi dillali ya ba da su a rubuce tun ranar rajista.

12. Wanda ya yi mana shafi ya ɓace, ko mun ɓata. Yaya za mu karɓo sunanmu?

A fara da lookup.icann.org, a rubuta sunan. A wutsiyoyin gama-gari zai nuna dillali, ranar ƙarewa da sabobin suna. Bayanan mai rajista galibi a rufe suke tun da dokar kare bayanai ta Turai ta fara aiki a Mayun 2018. In an tabbata da sunan ƙungiyarku aka yi, ku rubuta wa dillalin, ku haɗa da takardar rajistar kasuwanci (RCCM) da lambar haraji (NIF) ko takardar izinin ƙungiya da katin shaidar shugaba. Yana ɗaukar lokaci, amma ana dacewa.

In da sunansa ne, a wurin dillali nasa ne, fushi kuma ba ya buɗe asusu. A nemi wanda yake jin nauyinsa, malaminsa ko yayansa, a biya shi in akwai ragowar haƙƙinsa. Abin da ake so daga gare shi kaɗan ne: ya cire makullin sunan, ya ba da lambar sirrin canja dillali. Da ita za ku buɗe naku asusun ku jawo sunan. A wutsiyoyin gama-gari canjin kan ɗauki har kwana 5, ana biyan shekara guda da ake ƙarawa a kan wa'adi, kuma ba ya yiwuwa cikin kwana 60 na farko bayan rajista ko bayan wani canjin. Ku kwafe duk layukan DNS kafin a fara, musamman MX.

13. Wani ya riga mu ɗaukar sunan kamfaninmu. Akwai inda ake ƙara?

Akwai, amma da tsada. Ƙa'idar asali ita ce wanda ya riga shi ke samu. Tun 1999 ICANN ta kafa wa wutsiyoyin gama-gari tsarin sasanta rikicin suna mai suna UDRP, hukumar kare haƙƙin fasaha ta duniya, WIPO ta Janiba, na cikin masu sauraren ƙararsa. Sai ka tabbatar da abu uku tare: sunan ya yi daidai ko ya yi kama da tambarin kasuwancinka, wancan ba shi da wata halattacciyar alaƙa da shi, kuma da mugun nufi ya ɗauka yake amfani da shi. Kuɗin shigar da ƙara a WIPO dalar Amurka 1,500 ne in alƙali guda ne, ban da lauya. Hujja mafi ƙarfi ita ce rajistar tambari, wadda a Nijar ake yi ta OAPI, hukumar kare haƙƙin fasaha ta Afirka mai hedkwata a Yawunde, rajista guda ta rufe ƙasashe 17. Ga ƙaramin ɗan kasuwa, ƙara "niger" ko sunan garinsa a jikin sunan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

14. Na sa kyamara a shagona na Tawa, me ya sa ba na ganinta daga Yamai?

Juya akwatin wifi ɗinka, a ƙasansa akwai takarda manne da lamba irin 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Adireshin cikin gida ne, miliyoyin akwatuna na da irinsa, ba ya fita intanet. Haka duk mai farawa da 10, ko 172.16 zuwa 172.31. Shiga shafin akwatin ka duba adireshin da kamfani ya ba shi daga waje. In yana tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya saɓa da wanda shafukan duba IP ke nuna maka, to kana bayan adireshin da kuke rabawa da wasu, ba yadda za a yi a ƙwanƙwasa maka daga waje. Buɗe ƙofa a akwatin ba ya magani, sunan DNS mai bin canjin lamba ma haka.

Mafita biyu ce: ka nemi kamfani ya ba ka tsayayyen adireshi na fili, wanda galibi cikin tsarin ƴan kasuwa yake da ƙarin kuɗi, ko ka bi ta manhajar kamfanin kyamarar, inda kyamarar ce ke fita da kanta. Kowanne ka bi, ka canza kalmar sirrin da ta zo da ita.

15. Yaya zan gane matsalar ta suna ce ko ta rezo?

A kwamfuta ka buɗe tagar rubuta umarni, ka rubuta ping 8.8.8.8. In yana amsawa amma shafuka ba sa buɗewa, hanya lafiya take, DNS ne ya tsaya. Sai ka gwada nslookup misali.ne 8.8.8.8, wato ka tambayi sabar Google kai tsaye, ko 1.1.1.1 ta Cloudflare. In su sun amsa ta kamfaninka ta ƙi, canza sabar DNS a saitin zai fisshe ka, ko da yake ba ya ƙara ƙarfin rezo. In kowa ya ce NXDOMAIN, kalmar da Chrome ma ke nunawa a ƙasan farin shafi, to sunan babu shi: an yi kuskuren rubutu, ko ya mutu (tambaya ta 11), ko an dakatar da shi (tambaya ta 9). Adireshin da ya fara da 169.254 kuwa na nufin na'urarka ba ta ma samu lamba daga akwatin ba.

Wani lokaci abin ya fi ƙarfin kowa a nan. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook, WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa 6, don wani kuskuren saiti ya sa an kasa kaiwa ga sabobin sunansu. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma igiyoyin ƙarƙashin teku ne suka lalace a gaɓar Kodebuwa, Nijar ta ji a jikinta domin ta ƙasashen maƙwabta take kaiwa ga teku.

16. Alamar kwaɗo a burauza na nufin shafin na gaskiya ne?

A'a. Tana nufin abin da ke tsakaninka da sabar a rufe yake, ba ta ce komai a kan halin mai sabar ba. Takardar shaidar tsaro da ke kawo kwaɗon kyauta ake samunta a wata hukuma mai suna Let's Encrypt, ɗan damfara ma na karɓa cikin mintoci. Abin dubawa shi ne sunan, daga dama, yadda tambaya ta 2 ta nuna. A banki.ne.tabbatarwa-misali.com/shiga, mai shafin shi ne wanda ya yi rajistar tabbatarwa-misali.com, "banki.ne" reshe ne da ya rubuta da hannunsa. A waya adireshin na yankewa, sai ka taɓa shi ka ja zuwa ƙarshe kafin ka ga wutsiyar. Masu suna kuma su sani ana aiko musu imel na ƙarya cewa sunansu zai ƙare gobe. Kada a latsa, a buɗe asusun dillali da hannu a duba ranar a can.